Shawar Ɗakin Ƙasa

Ranar da aka gama haɗa shawar, yamma ce irin kowace yamma a unguwar Lamisula. Rana ta gangara bayan bishiyoyin dogon yaro, zafin da ya wuni yana dukan kwanon gidaje ya fara sassautawa, masu keke suna ta hanzari kafin a kira salla. A gidan Ba Madu mai sayar da huluna, matarsa Zainaba ta sauke burabusko, ta zuba garwashi a kasko, ta ɗora turaren wuta. Shi kuwa maigidan yana zaune a bakin matakalar da ke gangarawa ɗakin ƙasa, da buta a gabansa, ya kasa fara alwala saboda sauraro.

Ƙarar ruwa yake jira. 'Yarsa Siddiƙa ce ta shiga wanka ita kaɗai, karo na farko tun da ta rasa hannunta na dama.

Uwarta ta ce mata ta bari sai gobe da hantsi, almuru ya kawo kai. Siddiƙa ta ce, "Iya, in na kwana ban gwada abin nan ba, barci ma ba zai ɗauke ni ba." Aka ƙyale ta, domin an daɗe ba a ji ta tana ɗokin wani abu ba.

Ba Madu ya ji ta yi addu'ar shiga banɗaki a bakin ƙofa, a bayyane, kamar yadda aka koya mata tun tana ƙarama. Ya ji ƙofar gilashi ta zame. Ruwa ya fara sauka a kan tayil kamar yayyafin farkon damina. Ya sunkuyar da kai yana murmushi shi kaɗai, ya miƙa hannu zai ɗauki buta.

Sai aka tsala ihu.

Ba muryar Siddiƙa ba ce. Muryar ƙaramin yaro ce, siririya, irin ta wanda bai daɗe da fara magana ba. Ba daga titi ta zo ba, ba kuma daga gidan maƙwabta ba. Daga ƙarƙashin ƙafarsa ta fito.

"Siddiƙa! Lafiya?"

"Lafiya lau, Baba," in ji ta daga ciki, tana dariya. "Ɗan wa ke kuka a waje?"

Kafin ya ba ta amsa, dutse ya faɗo a kan kwanon gidan. Ya gangara a hankali, ƙwal, ƙwal, ƙwal, ya faɗo tsakar gida kusa da kaskon turare. Zainaba ta sunkuya ta ɗauka, ta yi wuf ta saki. Dutsen a jiƙe yake, kuma da zafi.

To, bari mu ɗan koma baya, don a san yadda aka yi shawa ta shiga ɗakin ƙasa.

Shi ɗakin, Ba Madu ne ya haƙa shi a shekarun da gari ba lafiya, lokacin da harsashi ke ratsa kwano kamar takarda. Ya fitar masa da ɗan kewaye a gefe, wanda in mutum ya buɗe hannuwansa zai taɓa bango biyu. Da hankali ya kwanta aka mayar da ɗakin wurin ajiye kaya. Shekarar da ambaliya ta ci gari ya cika da ruwa har baki, su kuma suka kwana kwanaki a wata makaranta tare da mutanen da ba su taɓa gani ba. Bayan sun dawo aka kwashe taɓo, ɗakin ya bushe, aka rufe.

Daga baya keken da Siddiƙa ke ciki ya kife a hanyar kasuwa. Ta rayu, amma hannun dama bai biyo ta gida ba. Yarinyar da hular da ta ɗinka ba ta kwana a rumfar ubanta a Kasuwar Litinin, ga ta yanzu ko zare ba ta iya sa wa allura. Ta gaji da masu zuwa jaje, ta gaji da yadda ake kallonta in ta karɓi abu da hagu. Wata rana ta ce a share mata ɗakin ƙasa, wai ya fi sanyi. Kowa ya san ba sanyi take nema ba.

Abin da ya fi ci mata rai wanka ne. Hannu ɗaya ba ya zuba ruwa kuma ya cuɗa jiki. Budurwa ce da ta isa aure, amma kullum sai uwarta ta sauko da bokiti ta yi mata wanka kamar jinjira. Ba Madu yakan ga Zainaba ta hawo da lafayarta a jiƙe, idonta ya fi lafayar jiƙewa. Shi uba ne, ƙofar nan ba tasa ba ce. Iyakarsa bakin matakala.

Shi ya sa ya kira maƙwabcinsa Othniel, mutumin Biu, mai aikin famfo, wanda suka yi shekaru katanga ɗaya ce tsakaninsu. Othniel ya sauka da ma'auninsa, ya juya, gwiwar hannunsa ta bugi bango.

"Ba Madu, wannan banɗaki ne ko akwatin hula?"

"Kai dai auna. Ba a ce ka kwana a ciki ba."

Othniel ya ce a mayar da masai bangon gabas, a sa shawa kusa da ƙofa. Ba Madu ya girgiza kai, ya ce mai zama a kai zai ba alƙibla baya. Aka juya shi, ya ce yanzu kuma zai fuskance ta. Haka suka yi ta yi har masai ya zauna inda addini ya yarda, sai ya zama wuri ɗaya tak ya rage: kusurwar can ciki, mai duhu, wadda ko da rana tsaka ba ta ganin haske.

"Shi ke nan," in ji Othniel. "Limaminku ya zaɓa mana. Shawar kusurwa za mu saya."

Ranar da suka je shagon kayan gini, mai shago ya ɗauka Ba Madu yana da taɓin hankali. Ya cusa hannunsa na dama a aljihun babbar riga, ya ƙi fitarwa. Duk abin da aka nuna masa, da hagu yake gwadawa. Wata shawa mai kusurwa huɗu, ƙofarta waje take buɗewa, za ta bugi masai. Wata kuma sai an ja ƙofofi biyu a lokaci guda. Kan famfo na murɗawa, ya ce hannu mai sabulu zai zame. A ƙarshe ya tsaya a kan wata mai lanƙwasasshen gilashi, wadda yatsa ɗaya ke tura ƙofarta ta zame, da famfo mai dogon mariƙi: a ɗaga ruwa ya zo, a karkata gefen ja ya yi zafi. Ya haɗa da ƙaramar hita mai dumama ruwa, domin ruwan sanyi yana sa dungulmin hannun Siddiƙa tsami.

Othniel ya yi aikin kamar na 'yarsa. Da yake ɗakin yana ƙasa, ya haƙa rami mai zurfi a bayan gida don ruwan ya sami inda zai gangara, ya huda bango daidai kusurwar, ya ja bututu. Ya binne na ruwan zafi a cikin bango don kada ta taɓa ta ƙone. Ya daidaita gindin shawar har sai da ya ga ɗigon ruwa yana bin hanyarsa zuwa magudana. Da ya gama ya ce mata, "'Yata, ruwan farko sanyi ne, wanda ya kwana a bututu. Ki karkata mariƙin gefen ja, ki ja da baya, ki bari sanyin ya wuce, sannan ki daidaita."

Haka kuwa ta yi a yammar nan. Ba ta saɓa ko ɗaya ba.

Washegari da magariba duwatsu suka dawo. Jibi ma haka. Da farko Ba Madu ya ce yaran unguwa ne, ya fita ya zagaya, ya tarar da layi fayau, kowa ya tafi masallaci. Othniel ya hau katanga da tocila, dutse ya wuce ta gefen kunnensa, daga sama ya sauko, inda ba kowa sai sararin Allah. Ya sauko ya kashe tocilar.

Sai kukan. Da zarar rana ta faɗi yakan taso daga magudanar shawar, ba ihu ba yanzu, nishi ne, irin na yaron da ya yi kuka har ya gaji. A bayansa kuma akwai wata murya ƙasa-ƙasa, ta mace, tana rarrashi da harshen da ba Hausa ba, ba Kanuri ba, ba Larabcin Shuwa ba. Othniel ya ce ƙila iska ce a cikin bututu. Ya cire murfin magudanar, ya zura waya, ya zuba ruwa, ya kasa kunne. Da ya ɗago, fuskarsa ta canza.

"Ba Madu, na san kukan bututu. Wannan ba aikina ba ne."

Wata safiya Zainaba ta sauka share banɗakin, ta ga gilashin ya yi gumi daga ciki alhali ba wanda ya kunna ruwa. Can ƙasa, daidai gwiwar mutum, ga sawun ɗan ƙaramin tafin hannu. Yatsu uku ne a jikinsa.

Daga nan abin ya bar kwano da gilashi, ya koma kan Siddiƙa.

Suna cin abinci ne da yamma cokali ya faɗi daga hannunta. Ta dubi hannun kamar na wani. Yatsun suna naɗewa ɗaya bayan ɗaya, a hankali, har suka dunƙule. Uwarta ta kama ta ja, ta shafa man zafi, ta tofa addu'a. Kamar an ɗaure da igiyar ƙarfe. Sai bayan isha ya saki don kansa.

"Ba komai, Baba," in ji ta. "Gajiya ce. Shi kaɗai ke aikin mutum biyu."

Amma kowace magariba sai ya dunƙule, kuma kullum sakinsa yana ƙara jinkiri. Aka kai ta asibiti, aka ɗauki hoto, aka duba jijiya, aka ce ba a ga komai ba. Aka rufe shawar, aka kashe hita, aka hawo da Siddiƙa ɗakin uwarta. Aka kunna karatu a waya dare da rana. Matar Othniel ta aiko cewa suna sa ta a addu'a a majami'arsu. Duk da haka wata asuba aka wayi gari hannun bai buɗe ba, kuma bai sake buɗewa ba.

Ranar nan Ba Madu ya tsaya a bakin ƙofa yana kallon matarsa tana ba 'yarsu kunu a baki da cokali. Siddiƙa ba ta yi kuka ba. Ta haɗiye, ta buɗe baki, ta haɗiye. Da ta hango shi ta ce, "Baba, in wannan ma ya tafi, da me zan share hawayena?"

Ya juya, ya sauka ɗakin ƙasa, ya tsaya gaban gilashin da ya zaɓa da hannunsa. Ya so ya ba ta wanka, ga shi ya ƙwace mata cin abinci. Ya ɗauki gudumar da Othniel ya bari, ya ɗaga. Sai nishin yaron ya taso daga magudana, kusa ƙwarai, kamar a gefen ƙafarsa. Gudumar ta yi masa nauyi. Ya ajiye, ya sa takalmi, ya nufi unguwar Shehuri, wurin wani malami.

Goni Ibrahim Khalil tsoho ne siriri, mai magana kamar yana tsoron tada mai barci. Ya saurari labarin har ƙarshe bai katse ba. Abu ɗaya ya tambaya: "Ruwan zafin, daga ina yake fitowa?"

"Daga cikin bango, Allah ya gafarta Malam. Ta sama yake saukowa."

Goni ya ce zai zo bayan la'asar.

Da ya zo, ya ce a mayar da yarinyar ɗakin ƙasa, a buɗe ƙofar banɗakin. Aka shimfiɗa darduma, Siddiƙa ta zauna a lulluɓe, uwarta ta riƙe ta ta baya. Ba Madu ya tsuguna kusa da matakala. Othniel ya ce shi zai tsaya a sama, ko za a buƙaci mai ɗauko wani abu. Hasken da ke shigowa ta 'yar tagar da ke daidai ƙasan tsakar gida ya yi ja, ya yi toka. Goni ya fara karatu, ba da ƙarfi ba, ba kuma tsayawa.

An daɗe ba abin da ya motsa sai leɓɓansa. Dutse ya faɗo a kwano. Wani ya biyo. Sannan suka zubo kamar ƙanƙara, suka kuma ɗauke gaba ɗaya. Kan Siddiƙa ya sunkuya. Da ya ɗago, idanun nata ne, amma mai kallon ba ita ba ce.

"Ya isa, tsoho," in ji wata murya mai kauri, a gajiye. "Ina ji. Ni ma da wannan karatun nake salla."

"In Musulma ce ke, me ya kawo ki jikin baiwar Allah?"

"Ita ta fara."

"Me ta yi miki?"

"Ta dafa mini ɗa."

Zainaba ta yi salati. Goni ya ɗaga mata hannu.

"Faɗi yadda aka yi," in ji shi.

Muryar ta ce, "A gindin wata tsamiya muke a bakin kogi, tun kafin a haifi kakanka. Ruwa ya zo ya tafi da ita. Na goya ɗana na shigo gari, ko'ina taɓo, ko'ina hayaniya. Da ɗakin nan ya bushe na sami kusurwar can, ba rana, ba mai takawa. Da yarinyar ta tare ban taɓa ta ba. Uwarta takan sauko da bokiti, tun daga matakala muna ganin tururi, muna jin Bismillarta in za ta juye ruwan zafi a bakin ƙofa. In janye ɗana, su yi abinsu, su fita. Mun zauna lafiya."

"Ta yi addu'a kafin ta shiga," in ji Ba Madu. "Da kunnena na ji."

Idanun suka juyo kansa.

"Ta yi. Shi ya sa aka sakar mana labule, ba mu ganinta. Ban ga inda hannunta ya nufa ba. Ba bokiti, ba tururi. Sai ga ruwa daga sama, mai sanyi, kamar na Allah. Yaro ne, rabonsa da ruwan sama tun muna bakin kogi. Ya fita yana tsalle, ya tara hannu yana dariya. Ina kallonsa, ni ma ina dariya." Muryar ta tsaya. "Sai ruwan ya juya."

Daga magudanar, nishin ya taso ya koma.

Zainaba ta fashe da kuka. "Ni na koya mata. Na ce kada ta zubar da ruwan zafi ba Bismilla, na kuma ce kada ta kuskura ta ambaci sunan Allah a cikin banɗaki. Tana ciki, Malam. Da wane baki za ta yi?"

"Duka biyun daidai kika koya mata," in ji Goni. Ya dubi mai maganar. "Kin ji. Ba ganganci ba ne. Ke kuma kin shiga gidan mutane ba sallama."

"Shi maigidan, da ruwa ya kore shi, wa ya yi wa sallama a makarantar da ya kwana?"

Ba Madu ya tuna daren da ya ɓalle ƙofar aji da kafaɗarsa, Siddiƙa riƙe da hannun uwarta, ruwa har ƙugu. Ya rarrafo gaba.

"Ni na sayo. Ni na zaɓi kusurwar. Yanzun nan zan farfashe shi, in cike ramin, in bar miki ɗakin gaba ɗaya. Ki ɗauki hannuna, ga shi, duk wanda kike so. Ki bar mata wannan. Shi ke nan gare ta."

"In ka fasa gilashi, yatsun ɗana za su dawo? Biyu suka narke. Hannunka kuma me zan yi da shi? Hannun da ya ɗaga mariƙin nake so."

Goni ya ce, "Ba a ramuwa a kan kuskure, kin sani." Ya ci gaba da karatu, wannan karon da ƙarfi. Jikin Siddiƙa ya ɗauki rawa, muryar ta yi gurnani, ta yi kuka, dunƙulallen hannun ya bugi ƙasa har fata ta tsage. Ba Madu ya ga jinin 'yarsa a kan siminti, ya rasa wanda zai roƙa, malamin ko aljanar. Ya kifa goshinsa a ƙasa.

"Tsaya," in ji muryar. "Tsaya, tsoho. Ba wutarka ce za ta fitar da ni ba."

Goni ya tsaya.

"Tun da na shiga jikin nan ban huta ba. Akwai hannu a nan gefen." Kafaɗar dama ta motsa a ƙarƙashin mayafi. "Babu shi, amma yana nan. Da magariba yana ƙaiƙayi a tafinsa, ba wurin sosawa. Yatsunsa suna neman allura. Ba ta taɓa gaya muku ba, don kada ku yi kuka. Na zo in nuna mata abin da ɗana zai ji har ya tsufa. Na tarar ta riga ni sani."

Zainaba ta ƙara ƙanƙame 'yarta.

"To ki fita," in ji Goni a hankali.

"Zan fita, zan bar gidan ma. An ce kogi ya koma mazauninsa. Amma da sharaɗi. A cire murfin magudana, kowa ya juya baya har mu wuce, ba na so a ga hannun ɗana. Na biyu kuma, ba ni kaɗai ruwa ya kora ba. Muna da yawa a gari, masu goyo, muna neman wuri mai duhu. In na tafi wata za ta zo. Kada ruwan zafi ya ƙara saukowa a kusurwar can ba sanarwa."

Goni ya dubi Ba Madu. Ba Madu ya ce, "Na ɗauka. Allah ne shaida."

Aka kira Othniel ya sauko ya cire murfin. Goni ya sa ta rantse ba za ta dawo ba, ta rantse. Ya ce ta fita ta ƙaramin yatsa. Suka juya wa banɗakin baya, dukansu. Siddiƙa ta yi atishawa, jikinta ya saki a ƙirjin uwarta. A bayansu suka ji wani abu kamar jan zane a kan tayil, da 'yar shesshekar yaro, tana nisa, tana nisa, har ta shige ƙasa. A masallacin layi aka tada kiran salla.

Siddiƙa ta buɗe ido. Hannun ya fara warwarewa: babban yatsa, manuni, na tsakiya, na kusa da shi. Ƙaramin bai miƙe ba. Goni ya riƙe shi ya yi ta tofi har aka idar da salla a waje. Daga ƙarshe ya saki, ya ce, "Ta nan ta bi. Wannan ya fi ƙarfina."

Har yau a lanƙwashe yake.

Ba Madu ya so ya cire shawar duk da haka. Siddiƙa ce ta hana. Ta ce, "Baba, in ka cire, ɗanta ya ƙone a banza, ni kuma na koma bokiti." Sai ya kwana yana juya alkawarin da ya ɗauka, da safe ya leƙa ta katanga ya kira Othniel, ya ce a fasa bango, a fito da mariƙin famfon waje, gefen ƙofar banɗakin.

"A waje?" in ji Othniel. "Duk wanda ya gani zai ce mahaukaci ne ya yi aikin."

"Ka ce ni na sa ka."

"Ai ba sai na faɗa ba, an san ka a shagon."

Suka yi 'yar dariya, irin ta waɗanda suka fito daga jana'iza. Othniel ya yi aikin.

In ka je gidan yanzu, da hantsi, za ka iya tarar da Ba Madu zaune a bakin matakala da hula a gwiwarsa, wai yana gyaran zare. Daga ƙasa za a ji Siddiƙa ta tsaya a wajen ƙofa, inda ya halatta a kira sunan Allah. Ta ce Bismillah da ƙarfi. Ta ce, "Ruwan zafi na zuwa, mai yaro ta kama ɗanta." Sannan ta yi shiru.

Shirun yakan yi tsawo. Uwarta ta taɓa ce mata ai sun ji, ta kunna mana. Ta ce, "Iya, mai goyo ba ta sauri."

Ba Madu ba ya iya sauka, ba ya iya tashi. Ba ya sanin ko akwai kowa a kusurwar, ko kuwa iska kawai take yi wa magana. Yakan zauna ne, allura a tsaye a hannunsa, har sai ya ji yatsu huɗu sun ɗaga mariƙin, ruwa ya sauka a kan tayil, sanyin ya wuce, zafin ya zo, kuma ba wanda ya yi kuka. Sannan ya soka allurar.